Koriyar Fitila a Ɗakin Inna

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya zuba guba a gidanmu, ya dube ni ido cikin ido ya ce albasata ce take wari, sannan ya kawo na'ura ya sa na rufe wa mahaifiyarmu taga da hannuna. Abin da ya yi mini ke nan. Na sa shi a farko ne don kada wani ya karanta ya kai tsakiya ya fara nema masa uzuri. Masu nema masa uzuri sun yi yawa a danginmu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga fuskar Inna a ranar.

Ni ba ɗan boko ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, shekarar da ƙafar Baba ta ƙi, aka rasa mai tsayawa a gona. Ni na shiga ruwa, shi ya ci gaba da zama a benci har ya samo takardarsa. Yanzu yana zaune a Kumbotso, yana sarin hatsi yana ajiyewa sai ya yi tsada. In ya zo gida sai ya riƙa taka ƙasa a hankali kamar za ta ɓata masa takalmi. Ni kuwa ina nan inda aka haife mu, tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal ɗin ban ruwa. Shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. Shinkafata tun daga gona masu injin casa suke kwashewa, ban taɓa ajiye hatsin da ya wuce na ci ba. Ku riƙe wannan, don shi ya sa ban gane warin ba.

Gidanmu na gado ne. Ɗakin Inna da tsohuwar turakar Baba a jere suke, bango ɗaya, rufin kwano ɗaya, kuma bangon bai kai kwano ba, a silin ya tsaya. Ɓeraye ma sun san haka, ta sama suke kai da kawowa. Da aka raba gado turakar ta faɗo a rabon ƙanena, sai ya mai da ita sito, ya sa mata kwado, makulli yana aljihunsa. Tun ranar da ya fara kawo wake na ce masa, "Buhu dai ajiye, amma ban yarda da magani ba. Inna a bayan bangon nan take kwana."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya ke nan. Ai an wuce wannan zamanin. Buhun yanzu leda biyu ce a cikinsa, ƙwaro da kansa yake shaƙewa ya mutu."

Na yarda. Shi ya yi makaranta, ni ban yi ba.

Bazarar da abin ya faru na gama cire albasa ke nan, na jibge ta a rumfar kara a tsakar gida tana shan iska. Wata Talata na dawo daga ban ruwan tumatir, maiɗakina ta ce ƙanena ya zo, ya shiga sito ya jima, da ya fito ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma, ya liƙe tagar da leda. Ta tambaye shi, ya ce wai saboda ɓera. Ban kawo komai a raina ba. Abin da ya ba ni haushi ma shi ne bai jira mun gaisa ba.

Washegari wari ya fara. Ba irin wanda yake dukan mutum tun daga zaure ba ne. Zuwa yake yana tafiya, in rana ta yi zafi ya taso, in ta yi sanyi ya lafa. Kamar tafarnuwa da aka jiƙa a ruwan wankin kifi aka manta da ita. A ɗakin Inna ya fi yawa.

Manomin albasa in ya ji wari a gidansa, albasarsa yake fara zargi, haka muke duka. Ni da maiɗakina muka wuni muna birkita tsibin, muna matsa wuyan kowace ɗaya. Mun sami 'yan kaɗan da suka yi laushi, muka watsar, wari yana nan. Na ce to mushen ɓera ne, na hau tsani na leƙa ta ramin silin da tocila, ban ga komai ba, sai kaina da ya sara, na sauko. Na yashe kwata, na zuba toka a masai. Maiɗakina ta sa turaren wuta har ido yana yaji. Da hayaƙin ya baje sai ga shi nan ya dawo, yana zaune a ɗakin kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Inna ce ta faɗa wa ƙanena a waya, cikin hira, ba ƙara ta kai ba. Mutumin da sai ya yi wata bai leƙo mu ba, ranar Alhamis da hantsi sai ga shi da kwali a hannu. Da ina da wayo, daga nan ya kamata in tsargu.

Ya tsaya a tsakar gida ya sa hankici a hanci. A gaban maiɗakina, a gaban yarana, ya ce, "Haba Yaya. Wannan albasar taka ai sai ta kashe mutane. Gida kamar kasuwar kayan gwari? A nan ka bar Inna take zaune?"

Na ce, "Na duba ta ɗaya bayan ɗaya, lafiyarta lau."

"Hancinka ne ya saba. Wanda ya zo daga waje shi yake ji."

Kunya ta kama ni, irin wadda take sa mutum ya dubi rigarsa ya ga ashe da taɓo. Amma duk da haka na tambaye shi. Wannan ina so a sani, na tambaye shi. Na ce, "Ba daga sitonka ba ne kuwa? Don ta wajen ya fi ƙarfi."

Ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ce, "Wake ne fa a ciki, Yaya. Ka taɓa jin wake ya yi warin albasa?"

Ban taɓa ji ba.

Ya buɗe kwalin a ƙofar ɗakin Inna. Na'ura ce fara, tsayinta ya kai gwiwa, zagayayya kamar bokitin fenti, jikinta duk 'yan ramuka, da 'yar fitila a ka. Ya ce na'urar tace iska ce, irin ta gidajen manya. Ya jona ta a solar da take juya wa Inna fanka. Ya ce, "Iska take zuƙa ta nan, ta fitar ta nan. A ciki akwai matata."

Inna ta kai hannu kunne. "Matarka ce a ciki? To shi ya sa ba ta zuwa gaishe ni, ashe a tukunya ka rufe ta."

Duk muka yi dariya, har da ni. Ya ce, "Ba matata ba, Inna, matata, abin tacewa." Ta ce, "To, ita ma a gaishe ta."

Sai ya nuna mana abin mamaki. Ya sa maiɗakina ta kawo kaskon turare ta kusanto da shi. Nan take fitilar ta koma ja, na'urar ta ɗaga murya tana huci. Aka fitar da kaskon, jim kaɗan ta yi shiru, fitila ta koma koriya. Ya dube ni ya ce, "Ka gani? Ja, iska ba kyau. Kore, lafiya lau. Ko wanda bai yi makaranta ba zai gane."

Na ji wannan, na haɗiye.

Ya ce amma sai an rufe taga da ƙofa, in ba haka ba iskar garin nan kaf za ta yi ta tacewa har ta gaji. Tagar Inna ta ƙarfe ce, ta yi shekaru a buɗe har tsatsa ta riƙe ta. Ya taɓa ta da yatsa biyu ya ce ta ƙi. Ni na ɗauko taɓarya na buga ta sau uku ta rufu, na sa sakata, na nemo tsumma na cusa a inda take da kafa.

Inna ta ce, "Yaran nan dafa ni za ku yi."

Na ce, "Ga fanka, Inna. Ki yi haƙuri, don lafiyarki ne."

Da bakina na faɗa.

Shi kuwa bai zauna ba. Kullum in ya zo a tabarmar Inna yake baje ya ci ɗumame, ranar a bakin ƙofa ya tsaya har ya gama. Aka kawo masa fura ya ce yana sauri. Kafin azahar ya bar garin. Sai daga baya na tuna wannan, kuma har yau ina tuna shi.

Gaskiya ita ce warin ya ragu. Zuwa la'asar in ka shiga ɗakin da kyar za ka ji shi. Har waya na yi masa na ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. Na kwashe albasata a baro na kai ta rumfar gona, ina jin haushin kaina da na bar uwata cikin ƙazanta har sai da ƙarami ya zo ya nuna mini.

Ranar Juma'a Inna ta ƙi shan koko. Ta ce kanta yana sarawa, ƙirjinta kamar an ɗora mata turmi. Muka ce zafi ne, ko zazzaɓi ne yake son kama ta. Na karɓo mata maganin ciwon kai a kemis. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida ta sha iska. Na dubi fitila, koriya ce shar. Na ce, "A'a Inna, ki zauna a nan, iskar nan ta fi ta waje kyau. Ba ki ga fitilar ba?" Na ja mata ƙofa na tafi masallaci.

Da na dawo maiɗakina ta tare ni da murna, da abin kwashe shara a hannu. Kyankyasai ne a ciki, duk sun juya ciki sama, da tsaka guda biyu da suka faɗo daga silin. Ta ce, "Malam, ka ga ikon Allah, na'urar nan har ƙwari take kashewa." Na ce lallai Bature ya iya abu. Muka tsaya mu biyu muna yaba ta, Inna tana ciki tana tari.

Ranar Asabar da hantsi na fito zan tafi gona sai na ga kazarmu. Tana da wurin kwanciya a lungun ƙofar sito, ita da 'yan tsakinta. Tana kwance ta miƙe wuya, baki a buɗe, 'yan tsakin a warwatse a gefenta, babu mai motsi. Na juya ta da ƙafa. Ba jini, ba cizo, ba alamar muzuru. A nan na tsaya. Na tuna kwana biyu ban ga kyanwar gidan ba. Na saurara, babu ɓera ko ɗaya da yake motsi a silin. Gidan ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni a cikinsa. Ban san mene ne ba, amma na san ba lafiya ba.

Ina tsaye a wurin maiɗakina ta ƙwalla ƙara.

Inna tana ƙasa tsakanin gado da bango. Ta yi amai ya ɓata mata zane. Leɓenta ya yi baƙi-baƙi, jikinta sharkaf da gumi mai sanyi, numfashinta yana fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Idonta a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Kusa da kanta na'urar tana ta 'yar waƙarta a hankali, fitila koriya.

Na sunkuce ta. Ban san ta rame haka ba, kamar damin kara. Kafin in kai ƙofa ni ma ɗakin ya juya mini, sai da na dafa bango da kafaɗa.

Mai adaidaitan da muka samu ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hanyar bakin kanal kowa ya san ta. Kowane rami muka faɗa sai numfashinta ya tsaya, in ƙirga a zuciyata, ɗaya, biyu, uku, sannan ya dawo. Kanta yana kan cinyata. Ina ta kiran Inna, Inna, kamar ƙaramin yaro. Wajen gadar da ake shanya shinkafa sai na ga leɓenta yana motsi, na kai kunne, ashe kalmar shahada take yi. Na san abin da ya kamata Musulmi ya yi shi ne ya taya ta. Ni kuwa ce mata na yi, "Ba yanzu ba, Inna, don Allah ba yanzu ba." Allah ya yafe mini.

A asibiti wata likita muka samu, matashiya, ba ta da yawan magana. Aka sa wa Inna robar iska a hanci da ƙarin ruwa, sannan ta ja ni gefe. Me ta ci? Ba ta ci komai ba. Ta sha wani jiƙo? A'a. An yi feshin maganin gona kusa da ita? Na ce ni ba na shigo da maganin feshi gida. Na ce dai kwana huɗu muna fama da wari, amma an kawo na'ura ta magance shi.

"Warin me?"

"Albasa ce. Kamar tafarnuwa da kifi haka."

Ta daina rubutu. Ta ce, "Malam, akwai wake ko masara kusa da inda take kwana?"

Na ce waken ƙanena yana sito, a bayan bangonta.

Ta ce akwai wata ƙwaya da 'yan hatsi suke sakawa a cikin buhuna, wadda suke kira bom. Na san sunan, kowa ya sani, amma ban taɓa riƙe ta ba, ban taɓa jin warinta ba. Ta ce in iska ta taɓa ta sai ta riƙa fitar da guba a hankali kwana da kwanaki, tana bin kafar bango da silin, duk abin da yake numfashi tana kashe shi.

Na ce, "Amma likita, fitilar koriya ce. In iska ba kyau ja take yi, na gani da idona."

Ta ce, "Ƙura da hayaƙi take gani. Wannan ba ta ganinsa, kuma ba ta tace shi. Warin ne kaɗai abin da zai gaya muku ku gudu, shi kuma ta rage muku. Tagar a buɗe take?"

Na dubi hannuna. Ta dube ni, ta gane, ba ta sake tambaya ba. Ta ce in yi waya yanzu kowa ya fita daga gidan, kuma a buɗe wurin daga waje, kada wanda ya shiga.

Har sau biyu ina kiran lambar da ba ita ba. Maiɗakina ta ɗauka, na ce ta kwashe yara su fita, kada ta tsaya ɗaukar ko mayafi. Ta ce ita ma tun ɗazu zuciyarta take tashi. Na hau babur ɗin haya na koma, duk hanyar ina ganin yarana a kwance a jere kamar 'yan tsakin nan. Da na hango su a gindin darbejiya a tsaye da ƙafafunsu, sai da na sauka na durƙusa a ƙasa tukuna.

Na naɗe fuska da jiƙaƙƙen rawani, ko yana da amfani ko babu, oho. Na ja numfashi tun daga zaure na riƙe, na ruga na sari kwadon da gatari, na dawo waje na shaƙi iska. Na sake komawa da doguwar gora na tura ƙofar daga nesa. Abin da ya fito daga ɗakin nan, ko ta cikin rawanin sai da ya sa ni amai. Amma na gani. Buhuna har silin, kuma buhun banza ne irin na kowa, babu mai leda ko ɗaya. Ga gwangwanaye farare a yashe a ƙasa, ga 'yar toka-toka a cikin ƙyallaye a saƙale tsakanin buhu da buhu. Na zagaya ta baya na sa gatarin na ɓalle tagar Inna gaba ɗaya, har da katakonta.

Daga gindin bishiya na kira ƙanena. Na ce, "Inna tana asibiti, ba ta san wanda yake kanta ba. Na fasa sitonka."

Ya ce, "Ka buɗe? Yaya, ka buɗe ƙofar? Ai sai ya kwana bakwai a rufe!"

Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Sannan ya ce, "Inna fa? Me ya same ta?"

Na kashe wayar.

A ranar aka wuce da ita babban asibiti a birni. Kwana shida tana kan robar iska. Ni dai a baranda nake zaune, duk ma'aikaciyar da ta fito da sauri sai in ce shi ke nan, ni za a kira. Ƙanena ya zo, da lemo da ayaba a leda, yana kuka a gaban kawunnanmu, suna dafa shi suna cewa ƙaddara ce. Abin da zan faɗa masa ba a wurin zan faɗa ba.

Inna ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ba Innar da na sani aka dawo mini da ita ba. Matar da take tafiya kasuwar Bunkure da ƙafa, yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ta huta sau biyu. A zaune take salla. Fatiha ma sai ta yanka ta tana neman numfashi. Kuma abin da ta fara ce mini da bakinta ya buɗe shi ne, "Ka bar shi. Ɗan'uwanka ne, bai sani ba."

Ni ma ban koma daidai ba. Ba na iya zama a ɗakin da aka rufe. A masallaci bakin taga nake nema. Ranar da maiɗakina ta sa tafarnuwa a miya, ban san lokacin da na fito da yara waje a guje ba, suna ta dariya. Ni da na girma cikin albasa, yanzu in na shiga rumfata sai in tsaya ina shinshina kamar kare, ina tambayar kaina, ita ce ko ba ita ba ce?

Mako guda da sallamar Inna ƙanena ya zo da mota da la'asar, wai zai duba jikinta, kuma zai kwashe wakensa. Na san zai zo. Tun da iska ta wanke siton na shiga na tsinci gwangwani ɗaya da bai buɗe ba, na ajiye shi can nesa da yara. Ina jin ƙarar motar na ɗauko shi da na'urar, na ajiye su a tsakiyar zaure, na zauna.

Ya yi sallama, ya ga kayan, ya tsaya.

"Yaya, ina wuni. Ya mai jiki?"

"Tana numfashi."

Ya durƙusa, abin da rabonsa da yi mini tun yana ɗan makaranta. Ya ce, "Wallahi Yaya ban yi niyya ba. Ƙwari ne suka shiga waken, na rasa yadda zan yi. Na san in na gaya maka ba za ka yarda ba. Kuma mai shagon ya ce mini na'urar komai tana tacewa. Na ɗauka ko wani abu ya ɓulla za ta kama shi. Uwata ce fa ni ma."

Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa:

"To tashi. Ga na'urarka, ga sauran ƙwayarka. Ɗauki ka shiga sitonka, ka buɗe gwangwanin, ka kunna na'urar, ni zan ja maka ƙofa in cusa tsumma, ai na iya. Ka zauna zuwa magariba kawai. In fitila tana kore, zan durƙusa a gaban duk garin nan in ba ka haƙuri. Ka ga ba ka motsa ba? Ranar ma ba ka zauna ba, a bakin ƙofa ka tsaya, fura ma ka ƙi sha. Ba ka yi niyyar kashe ta ba, na yarda, amma kada ka ƙara ce mini ba ka sani ba. Na tambaye ka a gaban matata da 'ya'yana, ka ce albasata ce. Ka san in ka ce mini ƙazami zan ji kunya in yi shiru, ka san in ka ce mini jahili zan bi fitila in ƙyale hancina. Ta roƙe ni in fitar da ita gindin bishiya, na ce mata a'a. Kai ka zuba gubar, amma hannuna ne ya rufe tagar, kuma da wannan hannun zan ci tuwo har in mutu. Inna ta yafe maka, wannan tsakaninku ne. Kwashe wakenka yanzu ina kallo, ko ƙwaya ɗaya kada ka bari. Daga yau in kana son ganinta, ga darbejiya can, zan fito maka da ita inda iska take kaɗawa. Amma kai da abin da ka ɗauko, duk kyansa, ba za ku ƙara wuce zauren nan ba."